Akwatin Gyare

Takardar ta iso ofishina ranar Talata
cikin jakar fata mai ƙamshin sabon takalmi.
Lauyan ya shimfiɗa ta da yatsu biyu
kamar mai kwantar da jinjiri.
Ya ce, "Shekara saba'in ke nan, Sufeto Pantoja,
da kakan maigidana ya sayi bakin kogin nan,
daga tsohon rimi har inda ido ya gaji."

Ta yi jawur kamar haƙorin mai cin goro,
gefenta a ciccije, tsakiyarta ɗigo-ɗigo.
Tsufa ya zauna mata daram.
Ni dai na sunkuya na sansana.
Akwatin kakata ba haka yake wari ba.

Washegari na shiga kwalekwale, awa huɗu a kan Tapajós,
na iske Ozenira tana suyar garin rogo.
Takarda? Ta ce ko ƙyalle.
Ta ja ni bayan gida, ta nuna mini kaburbura uku,
ta dafa mangwaro ta ce,
"Ranar da na haifi Jurandir na dasa shi,
yau Jurandir furfura ta cin masa.
Auna kaurinsa ka sa a littafinka."
Na auna, na rubuta.
Sai dai alƙali ba ya karanta itace.

Mako uku ina haɗiyar ƙurar rajista a Santarém.
Kundi na tara, shafi na arba'in da ɗaya:
an zare da reza, an ɗinka wani,
zaren ya fi 'yan'uwansa haske.
Magatakardan da ya sa hannu a ƙasa
ya riga hannun nasa mutuwa da shekara biyu.
Har maƙabarta na je na duba dutsen,
mamacin bai musa ba.
Hatimin kuma na ɗauke da sunan gunduma
wadda a lokacin ba a yanka mata rago ba.

An ce ƙarya fure take, ba ta 'ya'ya.
Wannan kam ta haifi shanu dubu biyu,
shingen waya, da wasu samari masu bindiga
da ke gaida Ozenira kullum da yamma
gaisuwar da ba a amsawa.

Mun je wa Edivaldo da asuba,
ɗakin da ke bayan shagonsa na buga takardu.
Tun kafin a ɓalle ƙofar muka ji su,
kuka tsiririi, kamar dare ya ɓuya a ciki.
Akwatin katako, murfin raga,
gyare sun fi ɗari
suna yawo a kan sababbin takardu,
suna gutsira, suna kashi, suna rera abinsu.
Ya zauna bakin gado da gajeren wando ya ce,
"Wata shida a nan, takarda ta yi jika."
Har da ɗan murmushin mai sana'a.

Shi muka sa wa ankwa.
Maigidan yana São Paulo,
ya aiko cewa shi ma cutarsa aka yi.

Na koma na gaya wa Ozenira.
Ta ce, "To, yanzu ƙasar tawa ce?"
Na ce, abin da muka gano, ba tasa ba ce.
Taki kuwa, sai an samo takarda.
Ta yi dariya har da riƙe ƙugu,
ta cika mini leda da gari mai ɗumi,
ta koma kan kaskonta.

Akwatin yana ɗakin kayan shaida, lamba ta sha bakwai.
Kofur Nilzete na jefa musu ɓawon ayaba
don kada su mutu kafin ranar shari'a,
an ɗage ta sau biyu.
Idan na yi dare a ofis ina jin su ta bango.
Ba su san eka nawa suka ci ba.